Neman Agwagwar Bado Daga Ƙaura Zuwa Badarawa

Asabar: Gurbin Bore

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, na rataya kyamarata na nufi tashar Ƙaura Namoda. Abin da ya fitar da ni wata 'yar agwagwar ruwa ce mai farar fuska da koren kunne, wadda ba ta zama sai a tafkin da ke da bado. Mahaifina ya san ta tun yana yaro. Yanzu tsufa ya kwantar da shi, kuma ya kafe cewa ta ƙare a ƙasar nan. Abin yana damunsa ƙwarai, shi ya sa na ci alwashin kawo masa hotonta.

Mun ƙetare shingen sojoji biyu kafin Zurmi. A na biyun sai da na kunna kyamarar aka ga tsuntsaye ne zalla. Da direba ya ji abin da nake nema, ya yi ta dariya.

"Malam, duk wahalag ga don agwagwa? Ga su nan kasuwa tuli!"

Daga Zurmi na hau babur, tara da rabi muna Gurbin Bore. Na wuni a bakin ruwa, ban ga komai ba sai balbela da kirinjijiya. Wani makiyayi ya ba ni fura da nono, ya ce in gwada Badarawa. A Zurmi na kwana, gidan wani abokin karatuna.

Lahadi: Badarawa

Na bi hanyar Shinkafi, sha ɗaya daidai na sauka a gidan Malam Isa, dattijon manomi, aminin mahaifina. Na kwatanta masa tsuntsuwar. Ya ce, "Mun san ta. Ci tuwo ka huta, ɗana." Na ci tuwon gero da miyar kuka har na yi gyangyaɗi.

Bayan azahar sai ga masunci da kwando a rufe. Malam Isa ya buɗe yana murmushi. Ita ce, ƙafafunta ɗaure da kaba, ƙirjinta na bugawa. Ashe a wurinsu abin kunya ne baƙo ya ambaci abu a bar shi ya shiga taɓo nema.

"Ga ta nan, mun kamo maka. A yanka, ko da rai za ka kai ma mahaifinka? Mun ɗauka magani na anka ce a yi mai da ita."

Na yi godiya sosai, sannan na roƙe su mu mayar da ita ruwa. Hoton tsuntsuwa a ɗaure ba shi zan nuna wa Baba ba. Tafiyar minti ashirin ce zuwa tafkin. Na saita kyamara, masunci ya kwance kabar. Kafin in danna har ta yi sama, wasu uku suka tashi daga cikin bado suka bi ta. Abin da na samu a hoton ruwa ne da ganye.

Litinin: Gida

Da hantsi na iso Ƙaura. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, na nuna masa hoton banza. Ya daɗe yana kallo.

"Su nawa sunka tashi?"

"Huɗu, Baba."

Ya lumshe ido yana murmushi. "Ashe suna nan. Aje abin ga, ya ishe ni."

Allah ya saka wa Malam Isa da masuncinsa, ya kuma tsare mana hanyoyinmu.