Jar Dawar Germaine

"Yatsun kake ta kallo tun ɗazu, ɗana. Tambayi abinka," in ji Germaine. Ta ɗaga hannun hagu, biyu babu.

Sayen gyaɗa ya kawo ni Mayo-Oulo daga Garwa, hira ta zaunar da ni a bakin gonarta.

Gonar tsakuwa ce a gindin dutse, ta gaji da noma. Da mijinta ya rasu aka raba ta, rabi nata, rabi na ƙaninsa Arnaud. Ita jar dawar uwarta take shukawa. Uwar ta hana ta ɗibar iri a inda ƙasa ke da kyau. Sai kusurwar da ta fi ko'ina mutuwa, zangarniyar da ta cika a can ita ake ɗaura wa tsumma a ajiye. Arnaud kuwa farar dawa ya sayo, mai manyan kai, wadda ta saba da taki.

Wata shekara takin zamani ya yi wuya, ba wanda ya zuba. Tata ta tashi kore shar, tasa ta tsaya iya gwiwa, ganye duk rawaya. Ya shiga faɗa a kasuwa cewa da asiri ta janye ƙarfin gonarsa. Ta ce masa ƙasar ɗaya ce, iri ne ya bambanta, ya bari bayan girbi ta ɗiba masa. Ya tofa mata yawu.

Wata safiya, dawa na gab da nuna, ya shigo da adda. Tana tsaye yana kwantar da kara layi bayan layi, har ya nufi kusurwar iri. Ta ruga ta rungume karan. Ya shure ta a ƙirji, ta faɗi, ta tashi ta sake riƙewa. Addar ta sauka a hannunta. Maƙwabta suka kayar da shi, suka dake shi da ƙotar fartanya har haƙora suka zube, sannan jandarmomi suka tafi da shi.

"Ana min ɗinki, ni ina tambaya ko an kori awaki daga wurin," ta ce, tana dariya.

Zangarniyoyin da suka tsira ba su cika kwando ba. Daga su duk gonar nan ta fito, har rabin da matar Arnaud ke nomawa yanzu.

Na tambaye ta ko ita ta ba matar irin.

"Yaransa ba su sare ni ba."

Tsuntsaye suka sauka a ƙarshen gonar. Ta ɗauki gwangwaninta da sanda, ta nufi can tana kaɗawa.