Manang Sioning, Wadda Ba Ta Rufe Ƙofa Sai Ta Ji Murya

Kafin motocin haya su cunkushe hanyar Mandaue, Manang Sioning ta riga ta iso ofis da ledarta: shinkafa ƙulle a ganyen kwakwa, busasshen kifi, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Manang na nufin Yaya a harshenmu; sunanta na gaskiya Asuncion Cabatingan, amma ko a ofis ɗin ka faɗi haka sai an tsaya tunani. A tebur ɗaya ta yi furfura, a wani kamfanin kiran waya ta intanet a nan birnin Cebu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Kamfanin ne mai layin kira. Sai ya buɗe wata hanya da muke ce wa ƙofa, inda mu 'yan waje masu rubuta manhaja muke jona namu aikin. Mai manhajar odar abinci, mai ta baburan haya, mai ta matan ma'aikatan jirgin ruwa, duk ta nan kiranmu ke wucewa. Manyan abokan hulɗa suna da masu kula da su, 'yan kwat da liyafa a otal. Mu ƙanana masu aiki daga falon iyayenmu, Manang aka ba mu. Kuma mu mutane ne masu wuyar sha'ani. Ba mu karanta bayani, ba mu amsa saƙo, amma abu na lalacewa za mu kira muna kumfar baki.

"Dong, ɗana, ka karanta shafin da na turo maka?" haka za ta tambayi mai kumfar.

"Na karanta, Manang."

"To faɗa min layin farko."

Sai ya fara kame-kame.

"Ka ga irinta. Je ka ci abinci, ka dawo mu bi shi tare."

Tana da wata al'ada da ba a rubuta a ƙa'idar aiki ba. Duk wanda ya jona manhajarsa, sai ta sauke ta a tsohuwar wayar nan. Kuma ba a yanke wa kowa layi sai ta danna kira da yatsanta, ta ji ko akwai mai ɗauka.

Bara 'yan damfara suka gano ɓaraka a tsohuwar ƙofar, suna bi ta nan suna kiran tsofaffi suna kwashe musu abin hannu. Aka gina sabuwa, aka yi ta aika sanarwa kowa ya koma can. Masu komawa suka koma. Ragowar kuwa an ga sun yi watanni ba kira ko ɗaya, aka ce matattu ne. Ran nan bayan abincin rana Manang ta zauna tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu matattun ne da gaske. Sai ta zo kan wata manhaja mai maɓalli guda ɗaya tal, ta danna. Ba a bari ta gama ƙara ba wani namiji ya ɗauka.

"Wane tsibiri? Cikin wata nawa? Tana zubar da jini?"

Likita ne da ke bakin aiki. Ashe manhajar ungozomomin ƙananan tsibiran Camotes ce. In haihuwa ta zo da gardama sai ungozoma ta danna, kiran ya yi ta bin likitoci har wani ya ɗauka. Shirun da aka gani ba mutuwa ba ce, mata ne ke ta sauka lafiya. Da an rufe ƙofar, ranar da wata za ta danna hannunta jina-jina, ba abin da za ta ji.

Ta samu shugabanta, Sir Crisanto Ompad.

"Sir, akwai mai numfashi a cikin gawarwakin nan."

Ya saurare ta har ƙarshe, ya shafa kai. "Manang, ba zan bar ƙofar nan a buɗe ba, kullum ana cutar tsofaffi ta nan. Zan ɗaga miki ƙafa zuwa ƙarshen wata. Ki nemo mai ita."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Sai dai mai manhajar, wani tsohon malamin lissafi Eleuterio Tampus da ake kira Manong Teryo, bai taɓa amsa saƙo ba, lambarsa ma ta daina shiga. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar Asabar ta hau jirgin ruwa zuwa Poro, tsibirin da yake zaune a Camotes, ita da take amai ko a kwale-kwalen wasan yara. Ta tarar da shi a bayan gida yana watsa wa kajinsa masara, idanunsa sun yi yana.

"Wace sanarwa kuma?" in ji Manong Teryo. "Ni da ko fuskar jikata ba na gani sai ta matso, balle rubutun kwamfuta."

Da ta gaya masa abin da ke shirin faruwa, ya laluba benci ya zauna. Can ya shiga ɗaki ya fito da kwamfutarsa, naɗe a buhun shinkafa saboda gishirin teku.

"Komai na cikin kaina," ya ce. "Hannu da ido nake nema."

Nan take Manang ta kira Jovelyn Arnoco, mai manhajar odar abinci.

"Manang, wallahi aiki ya yi min katutu," in ji Jovelyn.

"Day, 'yata, wa ya zauna da ke ranar da manhajarki ta riƙa tura masu jin yunwa shagon mai akwatin gawa?"

"Ke ce, Manang."

"To jirgi na tashi da safe. Ki taho da maganin amai, ki riƙo min nawa."

Haka aka yi aikin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Tsoho na faɗa daga ka, Jovelyn na rubutawa tana mitar yadda ya tsara abu kamar tufkar tsohuwar igiya, shi kuma yana ce mata igiyar ta girme ta a sana'a. Manang na tsakiya, tana kiran injiniyoyin kamfani duk inda aka cije, tana raba faɗa da busasshen mangwaro. Kafin wata ya ƙare manhajar ta koma sabuwar ƙofa, aka rufe tsohuwar.

Kwanaki na je Poro, na samu wata ungozoma, Nang Pacita, tana shanya zannuwa. Na tambaye ta yadda ta ga canjin.

"Wane canji? Makon jiya wani yaro ya taho da ƙafa, na danna, likita ya ɗauka, ya gaya min abin da zan yi. Ga uwarsa can tana ba shi nono." Na ambaci sunan Manang, ta yamutsa fuska. "Sioning? 'Yar gidan wa?"

Manang, ke ce uwar marasa galihun sana'ar nan. Ke ce kika ɗauki mai abokan ciniki goma da mutuncin mai dubu goma, kika jure rashin kunyarmu ba ki taɓa kashe mana waya ba. Zuciyata fari ƙal take da kika kai wannan rana da lafiyarki, ko da yake ban san wa za mu riƙa yi wa kuka ba. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku da za ku gaji teburinta, da ku da ke zaune a irinsa a wasu kamfanoni, in kun ga layi ya yi shiru kada ku yi saurin yanke shi. Ku kira tukuna, ku ji wa zai ɗauka.

Nang Pacita ba ta san ki ba, Manang, yaron nan ma ba zai taɓa sanin ki ba. Mu mun san ki. A madadinsu da namu, mun gode.