Katangar da Muka Ɗora a Yini Ɗaya

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata a unguwar Koki, ba zan manta gayyar da muka yi ta gyaran zauren layinmu ba.

Zaure ne na ƙasa, tun na kakanni. A nan ake zaman suna, a nan ake karɓar gaisuwar mutuwa. Damina ta cinye katangarsa ta gabas, masu hali suka ce a rushe a sa bulo kowa ya huta. Ni kuwa lokacin ina shugaban ƙungiyar samarin layi, ga ɗan karatu, ga baki. Na tashi na yi ta zuba jawabi a kan gadon iyaye da sanyin ɗakin ƙasa, har aka yarda mu mayar da shi yadda yake, da hannunmu.

Muna da tsohon magini a layin, kowa Baba yake ce masa. Ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da ya mallaka kawai shi ne maganar da ake yi a kansa, cewa katangar da ya ɗora ba ta taɓa faɗuwa ba. Da wannan sunan ake kiransa aiki har unguwar Shahuci, da shi yake ci da iyalinsa.

Sati uku muna shiri. Muka kwaso ƙasa, muka yayyanka busasshiyar ciyawa muka zuba a ciki, muka naɗe wando muna tattakawa ana raha. Mata suna aiko da kunu da ƙosai. Muka mulmula tubali muka shanya. Gaskiya ban taɓa ganin layinmu ya haɗa kai irin na kwanakin nan ba, kuma abin ya hau mini kai. Na ɗauki hotuna na watsa a waya, na gayyato abokaina na makaranta da masu kyamara, na ce ranar Asabar za a ga katanga ta tashi daga ƙasa har sama.

Da Baba ya ji, sai ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka a yini ɗaya ake yi? Layi uku ake ɗorawa a sauka, a bar shi ya sha iska, gobe a ƙara. Ɗanyen gini ba ya ɗaukar ɗan'uwansa. Tubalin nan ma na ƙarshe cikinsa bai bushe ba."

Na ce, "Baba, mutanen nan Asabar kaɗai suke da ita. In suka watse ba za su dawo ba. Ka rufa mini asiri, na riga na faɗa wa duniya."

Sai ya ce, "To, tunda ka ce asirinka ne."

Ranar Asabar layi ya cika. Baba ya hau katanga ya zauna kamar mai hawan jaki, ana cilla masa tubali yana cafewa yana dannawa. Duk lokacin da ya so sauka sai a yi tafi, a ce saura kaɗan. Ni ina ƙasa da farar riga ina yi wa kyamara bayani. Kafin la'asar katanga ta wuce tsayin mutum biyu. Aka ci shinkafa, aka yi hoto, kowa ya kama gabansa.

Ranar Talata da hantsi, ba ruwa ba iska, cikin katangar ya kumbura, ta zauna a ƙasa gaba ɗaya. Allah ya tsare ba kowa a kusa.

Bayan azahar dattawa suka taru a gaban tarin ƙasar. Wani Alhaji, wanda dama bulo yake so, ya ce, "Ai ba laifin kowa ba ne, tsufa ne ya kama Baba. Hannu ya daina." Aka yi ta gyaɗa kai. Sai Baba ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya ya yi mini, yana jira. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalmomin suna bakina. Sai na sunkuyar da kai ina danna waya.

Hotunan da na watsa su suka ƙarasa shi, don duk wanda ya ga Baba a kan katangar ya ji labarin faɗuwarta. Daga nan ba wanda ya sake kiransa aiki. Na riƙa ganinsa a bakin kasuwa yana ɗaure wa mutane kaya a baro. Kullum ina cewa gobe zan je in ba shi haƙuri, in faɗa wa mutane gaskiya. Shekara biyu ina wannan goben har aka yi masa sallah.

Abin da na koya ba na gini ba ne kaɗai. A aikin taro, yabo na kowa ne, amma in abu ya lalace mutum ɗaya ake nema a ɗora wa, kuma wanda ya fi kowa kunya shi ake samu. Na roƙi dattijo ya rufa mini asiri, ya rufa, ni kuma da aka zo kan nasa na kasa buɗe baki.