Kuyyar Muhsina

A Toranke in ka ji an ce wane ba ya iya ganin aiki a hannun wani, to Kawu Inuwa ake nufi. Ƙanin mahaifiyata ne, manomi, gajere, mai saurin tafiya kamar wanda ya baro tukunya a kan wuta. In ya tarar kana ɗaure buhu sai ya karɓe igiyar. In keke kake gyarawa, kafin ka ankara ka zama ɗan kallo. Matarsa Inna Talatu takan ce da ana taya mutum haɗiyar tuwo, da Inuwa ya taya. Ina ƙaunarsa ƙwarai, amma na sha jin haushinsa, don saboda shi har yau ban iya ɗaurin dami ba.

Gayya ce abin alfaharinsa. Mutane sun rage yin ta yanzu, amma shi da ya ji wani ya kwanta ciwo da damina, gida-gida yake bi yana tara majiya ƙarfi a nome masa gona. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda ya kai ƙarshen kuyyarsa ya juyo ya tari na baya, kuma ba a yi masa gori.

Autarsa Zulfa tana karatun kiwon lafiya a wata kwaleji a Kano. Da za su zo hutu, malaminsu ya raba su rukuni-rukuni, ya ce su binciko inda mutanen garuruwansu ke samun ruwan sha. Ya buɗe wa kowane rukuni jadawali ɗaya a intanet, kowa ya shiga ta wayarsa ya cike layin garinsu, sauran suna gani. Abin ya burge Kawu. Yakan tsaya a bayan Zulfa yana leƙe, ga suna nan na yawo a kan shafi, mai sunan kuwa yana can Gaya. Ya ce ashe 'yan boko ma sun san gayya.

Sai ya lura da wani layi da ya zauna fayau, kowa ya yi nisa ya bar shi. Zulfa ta ce na Muhsina ne, ƙawarta ta Gafasa. Ta gama zagaya gidaje, ta rubuta komai a takarda, sai mahaifiyarta ta kwanta, ga ƙanne, ga girki, ga sabis da ba ya zama a unguwarsu. Kawu bai bari ta kai aya ba. Ya tambaye ta ko haka ya rene ta, ta ga kuyyar mutum a baya ta zuba ido. Zulfa ta kira Muhsina ta ce ta lallaɓa ta turo hoton takardun, ita da sauran 'yan rukunin suka raba, suka cike mata layinta tsaf. Ranar Kawu har da ƙarin tuwo.

Ana saura kaɗan a rufe aikin, malamin ya turo saƙo. Ya ce jadawalin yana ajiye sunan duk wanda ya rubuta wani abu a cikinsa, kuma da wannan zai ba da maki. Wanda bai ga sunansa ba, zai ɗauka a inuwa ya kwanta wasu suka yi masa, sai ya maimaita kwas ɗin baɗi. Zulfa ta duba. Sunan kowa na nan birjik, har a layin Gafasa, ban da na Muhsina. Da sun bar mata layin, da ta san yadda ta yi ta cike ko rabi ne. Ga shi sun ce mata ta kwantar da hankalinta.

Ranar har Kawu ya ba ni tausayi. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Da gari ya waye ya ɗauki Zulfa a babur sai Gafasa, da dabararsa a shirye: Muhsina ta ba da wayarta, Zulfa ta je inda akwai sabis ta sake rubuta komai da sunan Muhsina, shi ke nan an rufa asiri.

Zulfa ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Muhsina ta fito zaure ta durƙusa ta gaishe shi, ta saurare shi har ya gama, kanta a ƙasa.

"Baba, na gode, Allah ya saka da alheri," in ji ta. "Amma ni na shiga gidajen nan, ni na leƙa rijiyoyin. Ina so in rubuta abina da hannuna."

Ya tambaye ta to me ya hana. Ta ce ba ta da wanda za ta bar wa Innarta.

Kawu ya ajiye Zulfa a nan, ya juya Toranke, ya ɗauko Inna Talatu da ƙullin garin kununta ya kawo ta ɗakin marar lafiya. Sannan ya kwashi 'yan matan biyu zuwa Gaya, rumfar wani mai cajin waya kusa da tasha, inda sabis ba ya wasa. Ni ma a can na same su, na je sayen taki.

Abu na farko, Zulfa ta goge duk abin da suka cike. Kawu ya runtse ido kamar ana tuge masa gero mai kai. Muhsina ta baje takardunta a cinya ta fara. Ba ta da sauri, ga gilashin wayar a tsage, sai ta rubuta ta goge ta sake. Kawu ya zauna, ya tashi, ya sayo musu ruwa, ya gyara wa mai rumfa benci ba a sa shi ba. Da ya rasa abin yi sai ya dawo ya zauna ya cusa hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa. Dariya ta kama ni, na danne.

A wayar Zulfa muke kallo, sunan Muhsina yana tafiya a hankali daga gida zuwa gida. Can ta sa wata rijiya a inda ba wurinta ba. Zulfa ta gani, yatsanta ya nufi shafin. Kawu ya zaro hannu ya riƙe mata wuyan hannu.

"Bar mata kuyyarta."

Muhsina ta yi gaba kaɗan, ta tsaya, ta dawo baya ta gyara da kanta.

La'asar ta yi sanyi kafin ta kai ƙarshe. Zulfa ta buɗe wurin da ake ganin sunaye ta miƙa wa Kawu. Ba ya karanta boko, sai ya ce a nuna masa wanne ne nata. Muhsina ta ɗora yatsa a kai. Daga saman layin Gafasa har ƙasa, sunan nan ɗaya ne.