Raken da ke Bayan Furanni

Shekara biyu da samun mulkin kai mahaifina ya rasu a Kaduna, aka binne shi tun kafin labari ya iso Maƙarfi. Masu gaisuwa na cewa "ya haƙuri", ina cewa "da godiya", amma ni ban ji komai ba. Ranar sadakar uku har tuwo na ƙara.

Bayan bakwai Inna ta ce, "Je ka wurin aikinsa ka samo mini abin da hannunsa ya taɓa. Ko tsumma ne."

Lebura ne a babban lambun shaƙatawa na bakin kogi. Da can fadama ce, Turawa suka share ta don shan iskarsu, kuma da shi aka haƙa ramukan farko. Sai da tafiyarsu ta matso aka buɗe wa kowa ƙofa. Da na isa na ga kujerun siminti, da lilon yara, da rumfar 'yan badujala, da wani kada kwance a keji kamar an jefar da itace. Ga famfo yana ta ban ruwa ga ciyawar da ko akuya ba a bari ta taɓa. Mu mutanen karkara ɓarna muke kiran wannan. Na zaga ko'ina, zuciyata shiru.

Wani dattijo, abokin aikinsa, ya ce an rabar da kayan marigayin sadaka, fartanyar kuwa ta hukuma ce. Har na juya sai ya ce, "Yaro, zo ka gani."

Can bayan shingen furanni, inda ruwan famfo ke gangarewa, sai ga rake kamar ashirin a tsaye, irin namu na Maƙarfi.

"Doka ta hana shuka abin ci a nan," in ji shi. "Babanka ya ce shi dai ba zai iya kallon ƙasa mai laima tana zaman banza ba. Shekara da shekaru yana ɓoyonsa. Sabon shugaba ya gani, ya ce gobe a sare."

Na ari addar dattijon na yanki uku, na ɗaure da igiya. A motar dawowa barci na yi ta yi.

Inna na zaune a tabarmar takaba na ajiye mata. Ta ɗauki ɗaya, ta bi gaɓoɓin da babban yatsa, ta kankare ɓawon da farce ta lasa.

"Bai nuna ba," ta ce. "Da yana nan, da bai bari an yanka yanzu ba."

Ni ma na san bai nuna ba tun ina riƙe da addar. A nan ne na ji mutuwarsa, na zauna a ƙasa kusa da ita.