Damina Ɗaya a Kulle

Filin da yayana ya zaɓa don gina gidansa a Yammedi yana da suri a tsakiyarsa, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Kowa a ƙauyen ya san surin, shi ne ma ya sa filin ya daɗe babu wanda ya taya. Yaya kuwa ya daɗe yana sayar da kayan gyaran mota a Kano, ya dawo da ra'ayin cewa duk abin da mutanen ƙauye suka sani, rashin wayewa ne ya koya musu.

Ranar da za a auna fili, tsohon maginin da ya gina yawancin ɗakunan unguwarmu ya zo ba tare da an kira shi ba. Ya zagaya surin, ya ce a haƙa shi har ƙasa a ciro uwar garar kafin a sa harsashi. Ya ce kuma a yi rufi da azarar giginya, in kuwa dole sai katako, a jiƙa shi da baƙin mai.

"Baba, wannan fa ba ginin ƙasa ba ne," in ji Yaya, yana kaɗa makullin motarsa. "Bulo ne da siminti. Garar taku tana cin siminti?"

"Ba ta ci, Alhaji. Hanya take nema a jikinsa."

"To, ta nema."

Ya ɗauko hayar katafila daga Ƙaraye, ta baje surin nan da nan. Jama'a suka taru kallo, abin da Yaya yake so ke nan. An kwashe tudun da ido ke gani, an bar uwar garar da zuriyarta a ƙarƙashi, aka shimfiɗa musu daɓen siminti. Kafinta ya kawo maganar baƙin mai, Yaya ya ce yana wari kuma yana ɓata fenti. Gida ya tashi da silin da ƙyamare masu sheƙi.

Da abin ya tsaya a gidansa, da ban damu in tuna ba. Amma mahaifinmu malami ne, ya rasu ya bar akwatin katako cike da littattafai. A ciki akwai Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, warwara a cikin gafaka, da bayanansa a gefen shafuka. Tun rasuwarsa Inna, mahaifiyarmu, take tsaron akwatin a tsohon ɗakinsa na ƙasa. Ta ɗora shi a kan duwatsu huɗu, nesa da bango. Kullum da safe sai ta bi gindin bangon da tsintsiya, duk zaren jar ƙasa da ta gani ta murƙushe shi. Ranar Juma'a ta fito da gafakar ta sha iska. Ba ta iya karanta littattafan ba, amma fiye da shekara goma ko shafi ɗaya bai salwanta ba.

Yaya ya ce abin kunya ne a bar littattafan Malam a ɗakin ƙasa alhali ɗansa ya yi gini. Ya ware musu ɗaki, ya sa masa suna laburare, duk da shi kansa rabonsa da buɗe littafi tun Malam na da rai. Aka ajiye akwatin a kan kafet, a jingine da bango.

"Bar mini makullin gidan in riƙa shiga ina sharewa," in ji Inna.

"Haba Inna, me za ki share a nan? Ko ƙuda ba zai shiga ba."

Ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. A mota, a hanyarmu ta komawa Kano, ya gaya mini gaskiyar dalilinsa: wai in ya bar mata, buhunan gyaɗa za ta jibge masa a falo. Ina zaune a gefensa, na san abin da tsintsiyar Inna take yi, na yi shiru domin shi ne babba, kuma motarsa nake ciki. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Da ruwa ya sauka, Inna ta sa aka kira shi a waya, ta ce ta ga jar ƙasa tana hawa jikin taga. Ya ce yana tafe. Ta sake kira, ya ce kasuwa ta riƙe shi. Ta riƙa zagaya gidan da kara tana kankare abin da hannunta ya kai daga waje.

Sai bayan an yanke gero muka zo. Kwaɗon na nan lafiya lau. Yaya ya buɗe ya tura ƙyaure, tafin hannunsa ya nutse a ciki. Fenti ne kawai a tsaye, katakon ya tafi. Warin ɗanyar ƙasa ya tare mu. Silin ya sunkuyo a tsakiya. Daɓen ya tsage daidai inda surin yake a da, kafet kuma da na ɗaga sai ya biyo hannuna guntu-guntu.

Akwatin daga gaba kamar babu abin da ya same shi. Inna ta kama murfin, ya ɓalle gaba ɗaya. Ciki babu littafi, babu gafaka, sai curin jar ƙasa mai ramuka, fararen ƙwari suna kai da kawowa. Damina ɗaya tak.

"Wannan ba banza ba," in ji Yaya. "Hannu aka sa mini. Mutanen garin nan ba sa son ci gaban mutum."

Daga nan ya koma kan kafinta, sannan kan mai siminti. Yana cikin lissafa masu laifi sai tsohon maginin ya yi sallama daga bakin ƙofa.

"Alhaji, sannu da zuwa, ya hanya?" Ya leƙa ya dubi silin. "Ashe ta samu hanyar."

Inna ta juya ta fita. Ta koma gida ta ɗauko sabuwar tasa da farin ƙyalle, ta durƙusa tana kwashe ƙasar akwatin da hannu. Ta ce akwai ayoyi a cikinta, ba za a watsa ta a bola ba. Ta tsinci 'yan guntayen takarda, mafi girmansu bai cika tafin hannu ba, da rubutun Malam rabi da rabi. Ta haɗa duka ta naɗe, na haƙa mata rami a gindin tsamiyar da Malam yake ba da karatu a da, muka binne.

Muna gama mayar da ƙasa Yaya ya matso, ya miƙo hannu.

"Inna, ga makullin."

"Na me?"

"Ki riƙa shiga kina sharewa."

Ta dubi ramin, ta karkaɗe hannunta a jikin zani.

"Abin da nake shara dominsa ga shi nan a ƙasa. Riƙe abinka, Alhaji."

Ya mayar da shi aljihu. Ƙyauren da makullin yake tsaro ma ya riga ya faɗo.