Tagar Tikiti a Ƙauran Namoda

A shekarun da ruwan Bakolori ya cinye gonakinmu, an kwashe mu zuwa sabon matsuguni kusa da Maradun, ƙasa mai tsakuwa wadda ko gero sai ya yi shawara kafin ya tsiro. Manya suka daina hira, sai tagumi. Mu yara kuwa da an idar da isha'i muke kewaye murhun kakarmu, Inna Kulu, tana korar mu da baki tana matsa mana wuri. Ni take kira maigida, wai ragon miji da bai taɓa kawo mata ko ƙwaryar dawa ba.

Inna tana da auta, Baffa Bawa, ƙanen babanmu. Ya ɓata tun farkon tashinmu daga tsohon gari, ba a san ko yana raye ba, kuma ba a ambaton sunansa a gabanta. Abin da ba mu gane ba a lokacin shi ne, labarinsa take ba mu da sunan tatsuniya.

Takan tura kara a wuta ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta iso mu ji. Wai an yi wata tsohuwa da ɗanta da ruwa ya kora daga gona. Suka hau mota daga Talatar Mafara har Ƙauran Namoda, inda jirgin ƙasa yake juyawa, za su Zariya wurin dangi. Suka tarar da tagar sayar da tikiti a rufe. Matafiya suka ce ba komai, a shiga kawai, in jirgi ya tashi mai duba tikiti zai zago a biya shi a ciki. Ɗan ya yarda, tsohuwa ta ƙi. A nan Inna take ƙanƙance murya.

"Ni dai ban taɓa shiga gidan mutane ba sallama ba. Kai tahi ka kama muna wuri, in sawo in ishe ka."

Ya ɗauki kayansu ya shiga. Kuɗin tafiyar kuwa duk suna ƙulle a haɓar zanen tsohuwa. Ta tsaya tana ƙwanƙwasa taga, tana yi wa katako sallama. Jirgi ya yi kuka, ba ta ko waiga ba, don ta san halin motocin kasuwar Mafara: direba ya yi ta ham yana ja da baya yana dawowa, amma ba ya tafiya ya bar tsohuwa. Jirgin ya sake kuka. Ko da ta juya, taragon ƙarshe ta gani.

Nan muke fashewa da dariya, har da birgima, muna cewa wannan tsohuwa ta cika baƙauya. Inna ba ta taya mu. Kuma duk tatsuniyoyinta tana rufe su da ƙurunƙus, ban da wannan. Wata rana na matsa mata da tambayar ina ɗan ya sauka. Ta daɗe tana tona toka da tsinke.

"Maigida, wanda an ka bari tasha ina shi ka sanin inda jirgi yat tsaya? Tashi ka kwanta."

Sai da na yi gemu babanmu ya ƙarasa mini. Wani falke ya ce ya ga an sauke wani saurayi a wata ƙaramar tasha cikin daji, bayan Gusau, don ba shi da tikiti ba shi da abin biya. Baba ya bi layin dogo yana cigiya har Zariya, ya dawo hannu rabbana.

Da Inna ta rasu, matan da suka yi mata wanka sun sami ƙulli a haɓar zanenta. Kuɗin tikiti biyu ne, irin waɗanda aka daɗe da daina karɓa.

Na girma ina zaton darasin shi ne kada mutum ya yi taurin kai a ƙasar da bai sani ba. Yanzu ban ga laifinta ba. Ladabin da aka koya mata ta yi, a wurin da ba mai amsa sallama. Abin da yake ci mini rai shi ne dariyar nan tamu. Ta zauna a gabanmu dare bayan dare tana neman wanda zai ce mata tsohuwar ba ta yi laifi ba, mu kuwa muna roƙonta ta sake maimaita mana wurin da jirgin ya tashi.